Kwana Huɗu a Revelstoke, Inda Barewar Ƙanƙara Ke Ɓuya

Wani abokina ɗan Zariya, wanda muka shekara uku muna haɗuwa a sahun sallar Juma'a a Calgary, shi ya fara kawo maganar. Ya ce, "Malam, ka shekara nawa a Kanada kana kallon dusar ƙanƙara ta tagar mota kamar baƙo? Zo mu je mu hau ta." Da na kai maganar gida, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, kai da ko babur ɗin Kano sai da ya kayar da kai a Ƙofar Nasarawa, shi ne za ka hau na kan dutse?" Duk da haka ita ce ta cika mana roba da dambun nama, ta kuma cusa mini safa ƙafa uku a jaka.

Daga Calgary zuwa Revelstoke tafiyar kilomita 400 ce da 'yan kai, a kan babbar hanyar da ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma. Mun tashi bayan asuba a watan Fabrairu, muka wuce Banff da Golden ba mu tsaya ba sai shan mai. Inda hankalina ya tashi shi ne mashigar Rogers, wata ƙofa tsakanin duwatsun Selkirk mai tsayin mita 1,330. A nan hanya takan shiga ƙarƙashin wasu rumfunan kankare da aka gina domin in dusar ƙanƙara ta zaftaro daga sama ta bi ta kan rufin ta wuce. A gefen titi akwai wasu dandamali zagayayyu, abokina ya ce a nan sojojin Kanada suke girka igwa su harba kan dutsen, su zubo da ƙanƙarar da gangan bayan an tsayar da motoci, kafin ta zubo da kanta a kan mutane. A wannan mashiga ce, a watan Maris na 1910, zaftarewar ƙanƙara ta kashe leburorin jirgin ƙasa 58, 32 daga cikinsu 'yan Japan. Na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu har muka gangara.

Revelstoke ƙaramin gari ne a lardin British Columbia, mutanensa ba su wuce dubu takwas da kaɗan ba, yana zaune a bakin kogin Columbia, duwatsun Selkirk a gabas, na Monashee a yamma. Jirgin ƙasa ne ya kafa shi, katako ya raine shi, yanzu kuma baƙin hunturu ne ke ciyar da shi. Abin da za ka fara lura da shi shi ne rufin gidaje, duk kwano ne mai tsananin gangara, sannan motocin a-kori-kura, kowace ɗauke da babur ɗin ƙanƙara ɗaya ko biyu a baya, a ƙofar kowane masauki da kowane gidan abinci. A kusa da garin akwai dutsen Copeland, inda a hunturun 1971 zuwa 1972 aka auna dusar ƙanƙarar da ta sauka ta haura mita 24, abin da ba a taɓa aunawa ba a ko'ina a ƙasar. Wannan kusan tsayin bene mai hawa takwas ke nan.

A wani shago na sayi shayi aka ba ni canji, cikin kuɗin har da kwabbai na sisin Kanada mai santi 25. Shekaru ina kashe wannan kuɗi ban taɓa tsayawa na dubi bayansa ba. Kan wata dabba ce mai ƙaho mai rassa, wadda na ɗauka irin barewar nan ce ta hotunan Kirsimeti. Mai shagon ta ce karibu ce, tun 1937 take kan kuɗin. Sai ta ƙara da cewa in riƙe ta da kyau, mai yiwuwa ita kaɗai zan gani a tafiyata. Na yi dariya saboda ladabi, ban gane maganar ba sai washegari.

Da safe muka je wurin masu ba da hayar babura. Jagoran da aka haɗa mu da shi mutum ne mai shekaru kamar arba'in, gemunsa ja, magana ɗai-ɗai. Kafin ya bar mu mu taɓa babur sai da ya rataya wa kowannenmu wata na'ura a ƙirji, a ƙarƙashin riga, mai aika sauti idan ƙanƙara ta binne mutum. Ya ba mu shebur mai naɗewa da wata doguwar sanda ta ƙarfe da ake soka wa ƙanƙara a lalubo wanda ya nutse. Ya binne jaka a bayan ofis ya sa muka nemo ta da na'urar, ya ce wanda aka tono cikin minti goma na farko yakan rayu, bayan nan sai yadda hali ya yi. Hedikwatar hukumar da ke hasashen zaftarewar ƙanƙara ta ƙasar, Avalanche Canada, a garin take, kuma a dutsen Boulder da ke kallonmu ne, a watan Maris na 2010, ƙanƙara ta rufto wa taron masu babura, mutum biyu suka mutu, kusan talatin suka ji rauni. Abokina ya matso kusa da ni ya ce, "Mutumina, in ka ga na ɓace kar ka tsaya salati, ka fara tono."

Shi babur ɗin, ga wanda bai taɓa gani ba, gabansa ƙafafu biyu ne kamar faranti dogaye masu sulɓi, bayansa kuma wata doguwar bel ce ta roba mai haƙora, irin ta tankar yaƙi, tana haƙar ƙanƙara tana tura shi gaba. Ba giya, ba kuloci, da babban yatsa kake danna mai. Wani bakanike ɗan Quebec, Joseph-Armand Bombardier, shi ya fito da Ski-Doo a 1959. Tun kafin nan yana ƙera motocin kan ƙanƙara, kuma abin da ya ƙara ingiza shi shi ne mutuwar ɗansa ƙarami a hunturun 1934, lokacin da ƙanƙara ta toshe hanyar kai shi asibiti. Wato asalin abin na ceton rai ne. Baburan farko ba su da ƙarfin hawa gangare mai ƙanƙara mai zurfi. Na yanzu kuwa, irin wanda aka ba ni, injinsa ya fi na ƙananan motoci da yawa ƙarfi, bai kuma da nauyi, don haka babu gangaren da yake jin tsoro. Wannan bambanci shi ne tushen duk rigimar da zan ba da labari.

Muka nufi tudun Frisby, arewa maso yammacin gari. A bakin hanya akwai rumfar ƙungiyar masu babura ta garin, inda ake biyan kuɗin shiga, da shi suke gyaran hanya da kula da ɗakin hutu na sama. Muka bi hanyar da aka shafe sumul tana murɗawa cikin daji, tsohuwar hanyar motocin katako ce. A ƙasa itatuwan dogaye ne masu duhu. Muna hawa suna gajarta, suna yin nesa da juna, har muka fito wani fili inda kowace bishiya ta lulluɓe da ƙanƙara daga sama har ƙasa, sun tsaya tsaye kamar mahajjata da harami. Rana ta fito, gajimare yana ƙarƙashinmu ya rufe kwarin. Jagora ya ce mu bar hanya mu shiga sabuwar ƙanƙara.

Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a wannan awa ban taɓa jin irinsa a kan wani abin hawa ba. Babur ɗin yana iyo ne, ƙanƙara tana tashi ta bayanka kamar garin rogo, ba rami, ba ɗan sanda, ba akuya mai tsallaka titi. Na yi ihu cikin hular kwano inda ba mai ji na. Sai kuma na sassauta mai a kan wani ɗan hawa, abin da aka ce kar in yi, bel ɗin ya haƙa wa kansa kabari ya zauna. Na sauka don in tura, sai ga ni na nutse har ƙirji. Da sandar nan jagora ya soka ƙasa ya nuna mini, mita uku ta shige ba ta taɓo ƙasa ba. Mu uku muka yi kusan rabin awa muna tono da ja, gumi ya jiƙa ni sharkaf a cikin sanyin da ya kai 14 ƙasa da sifiri. Ɗan Zariya ya ɗauki hoto ya ce sai ya tura wa uwargida.

Bayan an fito da ni muka ci gaba kan doron tudun, har muka iso wasu alluna da aka kafa a jere. An zana kan karibu, an rubuta cewa daga nan an rufe, babu shigar babur. A bayan allunan wani kwari ne mai faɗi, fari fat, ba sawun kowa a kai. A gabansu kuwa, inda muke, ƙanƙarar duk an tattake ta kamar filin sukuwa bayan hawan salla. Gaskiya zuciyata ta raya mini cewa can ne daɗin yake, kuma wa zai gan mu? Jagora ya kashe injinsa, ya yi mana alama mu kashe namu. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa.

Ya taka zuwa wata bishiya ya tsinko wani abu baƙi-baƙi mai kama da gashin wutsiyar doki da ke reto a rassanta, ya sa mini a tafin hannu. Ba ganye ba ne, wani nau'in gansakuka ne busasshe, da na murza shi sai ya zama gari. Akwai wani mai launin kore-kore da suke kira gemun tsoho. Ya ce wannan shi ne tuwon karibun dutse daga tsakiyar hunturu har bazara, kusan ba ta cin komai sai shi. Kuma ba ya yin yawa sai a kan tsofaffin itatuwa, waɗanda suka haura shekara ɗari. In aka sare daji aka dasa sabo, jikokin wanda ya dasa ne za su ga gemun ya dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabarar dabbar. Sauran namun dajin yankin, in ƙanƙara ta yi yawa, gangarowa suke yi kwari inda take da sauƙi. Ita karibu hawa take yi. Kofatonta faffaɗa ne kamar faifai, yana buɗewa in ta taka, don haka inda ni na nutse har ƙirji ita a sama take tafiya. Ƙanƙarar da ta taru mita biyu, uku, huɗu, ita ce tsaninta, tana ɗaga ta har ta kai ga rassan da in da rani ne ko da tsalle ba ta kai su. Kyarkeci kuwa ba ya son wannan wahala, ƙafarsa nutsewa take, ga nama a kwari. A nan na tuna ganuwar Kano. Mutanen da ba su gina ta don kyau ba, wanda ke ciki yana barci ne saboda mahayin da ke waje ba shi da ta inda zai bi. Ƙanƙara mai zurfi ita ce ganuwar karibu, shekaru dubbai tana kwana a bayanta.

Babur yana yi wa ganuwar nan illa ta hanya biyu. Ta farko, duk inda ya bi yakan bar ƙanƙara a daddaɓe, ta yi tauri, ta zama titi daga kwari har ƙololuwa, kyarkeci ya samu ƙofa. Ta biyu ita ce ƙara da yawan zirga-zirga. Matan karibu da ciki suke wuce hunturu, sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni suke haihuwa, ɗa ɗaya tak a shekara, ga abincin nan ba shi da wani maiƙo, kitsen da suka tara da kaka suke ci a hankali. Duk gudun da aka sa su yi a cikin ƙanƙara daga wannan ajiya ake cira. In abin ya yi yawa sai su bar wurin gaba ɗaya su koma gangare mai tsauri inda zaftarewa ke kashe su, ko ƙasa inda maƙiyi yake. A 2007 wani masani mai suna Dale Seip da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a duwatsun Hart, gabas da Prince George. Sun ga cewa wani tudu mai kyakkyawan abinci da masu babura suka mayar dandali kusan babu karibu a kansa, alhali tudun da ke maƙwabtaka da shi, masu irin dajinsa, suna da su.

A shekarar ce gwamnatin lardin British Columbia ta fito da shirin farfaɗo da karibun dutse, wadda yawanta ya kai kimanin 2,500 a tsakiyar shekarun 1990. Aka hana sarar katako da yin hanya a fili mai faɗin hekta miliyan 2.2, daga 2009 kuma aka rufe kimanin hekta miliyan ɗaya ga babura. Allunan da ke gabana ɗan yanki ne na wannan. Jami'an kare namun daji sukan yi sintiri da jirgi mai saukar ungulu, wanda aka kama a ciki a ci shi tara, ana iya ƙwace babur ɗin ma. Jagora ya ce ƙa'idarsu ita ce in ka yi kiciɓis da karibu ko da a wurin da aka halatta ne, ka kashe inji, ka zauna a kan babur ɗinka, ka bar ta ta wuce, in ka ga sawunta kar ka bi. Na tambaye shi sau nawa ya taɓa ganinta a wannan tudu. Ya ɗaga yatsu biyu cikin safar hannu, ya ce na ƙarshen ma an daɗe.

A ɗakin hutu na katako muka ci abinci, murhun itace yana ci, kowa ya rataya safarsa tana tururi. Na yi alwala da ruwan ɗumi na fulas a bakin ƙofa, gemuna ya daskare kafin in shigo, muka haɗa azahar da la'asar a wani lungu ba wanda ya ko ɗaga kai. Dambun uwargida ne ya jawo mana hira. Wani dattijo da ya ce tun yana saurayi yake hawa duwatsun nan ya ɗanɗana, ya yi tari saboda yaji, ya ƙara ɗiba. Da ya ji muna maganar allunan sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi bai taɓa tsallake su ba, kuma duk yaron da ya gani ya tsallaka da kansa zai kai ƙararsa, domin mutum ɗaya ke jawo a rufe wa kowa. Amma ya ce in muna son ganin abin da ya cinye karibu, gobe mu bi hanyar arewa mu dubi gefen duwatsu. Su masu babura ana ganinsu, ana jin ƙararsu, ga su da hula mai ƙyalli, don haka su ne masu sauƙin kamawa. Da Bahaushe ne da ya ce an bar jaki ana dukan taiki.

Ya ba mu labarin tarukan 2019. Shekara guda kafin nan ministar muhalli ta tarayya, Catherine McKenna, ta ayyana cewa karibun kudancin duwatsu na fuskantar barazana ta gaggawa, abin da ya ba gwamnatin tarayya damar sa baki a kan filayen lardi. Jita-jita ta bazu cewa za a rufe duwatsu duka. Jami'ai suka zagaya garuruwa, har da Revelstoke, ɗakunan taro suka cika maƙil, aka yi ta ɗaga murya. Dattijon ya ce mai masauki, mai gidan mai, bakanike, mai sayar da burodi, duk da hunturu suke cin abinci, in babura suka daina zuwa rabin garin zai rufe ƙofa. Ban ga ƙarya a maganarsa ba, motocin da na ƙirga a ƙofar masaukinmu kaɗai sun isa shaida.

Washegari cinyoyina suka ƙi babur, don haka muka bi shawararsa. Hanya mai lamba 23 tana bin kogin Columbia zuwa arewa. Kilomita kaɗan daga gari ka iso madatsar ruwa ta Revelstoke, wadda aka kammala a 1984, can gaba kuma akwai ta Mica, ta 1973. Ruwan da suka tare ya shanye ƙasan kwarin. A gefen duwatsu kuwa, da hunturu ba a iya ɓoye komai. Dajin ya zama kamar kan yaron da wanzami ya fara yi wa aski aka kira shi, nan baƙi, nan fari, murabba'i bayan murabba'i har inda ido ya tsaya. A 'yan wuraren da aka bari mun tsaya mun shiga ƙarƙashin itatuwan sida waɗanda mu biyu ba mu iya zagaye gindin ɗaya da hannuwanmu ba. A irin wannan daji karibu ke fara hunturu, kafin ƙanƙarar sama ta yi taurin da za ta ɗauke ta.

Matar da muka sauka a gidanta ta yi shekaru tana aikin ƙidayar namun daji kafin ta yi ritaya, ita ce ta warware mini sauran zaren da daddare. Ta ce sarar daji ba yunwa take fara jawo wa karibu ba. Inda aka sare, ƙananan tsirrai ne ke fitowa, su kuma abincin barewa ne da wata ƙatuwar dabba mai girman doki da suke kira mus. Waɗannan sai su yawaita, kyarkeci da damisar dutse su yawaita a kansu. Mus tana iya haifar tagwaye, barewa ma haka, suna jure a ci su. Karibu mai ɗa ɗaya ba ta jurewa, ko da kuwa kyarkecin ba ita ya fito nema ba, a hanya ya gamu da ita. Ga hanyoyin motocin katako sun zame masa titi, su ne kuma dai hanyoyin da mu muka bi da babur jiya.

Daga nan labarin ya daina daɗin ji. Tun 2003 aka ƙara wa mafarauta lasisin harbin mus a arewacin Revelstoke don a rage abincin kyarkeci, yawanta ya faɗi da fiye da rabi, garken karibu na Columbia ta Arewa ya daina raguwa. A 2015 lardin ya fara harbe kyarkeci daga jirgi mai saukar ungulu, abin da ya jawo zanga-zanga da shari'a. Daga 2014, na wasu shekaru, an riƙa kama mata masu ciki ana sa su a wani shinge a arewacin garin har su haihu 'ya'yan su yi ƙwari. Duk da haka jimillar karibun dutse ta sauko ƙasa da 1,500. Garken Columbia ta Kudu, wanda ke zaune har cikin gandun dajin gwamnati inda ba a sara ba a hawa babur, ya faɗo daga sama da ɗari zuwa abin da bai cika goma ba. Garken Selkirk ta Kudu, wanda ke ƙetarawa jihohin Idaho da Washington, ya rage uku a 2018. A Janairun 2019 aka kama macen da ta saura aka kawo ta shingen nan na Revelstoke, daga ranar babu sauran karibu a Amurka in ban da Alaska. Matar ta faɗi wannan tana goge kofi, ba ta dube ni ba.

Na tambaye ta to ke nan dattijon nan ya yi gaskiya, rufe wa babura hanya aikin banza ne. Ta ce rabin gaskiya ya faɗa. Na yi ta juya wannan a raina a kan gado, ga inda na tsaya. Dattijon yana da hujja, babur bai sare bishiya ko ɗaya ba, kuma gwamnatin da ke kafa allo a sama tana ba da izinin sara a ƙasa ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda an cinye ƙasan ne saman ya zama shi ne abin da ya rage, kuma a daidai lokacin ne injin ya yi ƙarfin da zai kai kowa can, har da irina da ya koyi danna mai da safe. Garken da ya rage ashirin ba ya ɗaukar asarar mace biyu. Dajin da aka sare sai an jira shekara ɗari, babur kuwa yau aka ce ya tsaya, yau ɗin ya tsaya. Rashin adalcin da ke ciki gaskiya ne, amma ban ga yadda buɗe kwarin nan zai gyara shi ba.

Ta ce in ina son labari mai ɗan haske in dubi arewa, wajen Chetwynd. A can al'ummomin asali biyu, West Moberly da Saulteau, waɗanda dattawansu ke cewa a da karibu kamar ƙwari take a kan tudu, sun ɗauki ragamar garken Klinse-Za lokacin da ya rage 38 a 2013. Suka gina shingen haihuwa, suka sa mutanensu gadi dare da rana, suka riƙa tsinko gansakuka da hannu suna kai wa matan, aka kuma rage kyarkeci. Kafin shekara goma garken ya haura ɗari. A Fabrairun 2020 suka sa hannu a yarjejeniya da lardi da tarayya wadda ta killace babban yanki daga sara da haƙar ma'adinai, a ƙarshen 2021 kuma aka rufe sama da hekta 400,000 ga babura a yankin. Masu babura na can ma ba su ji daɗi ba.

Ranarmu ta ƙarshe ɗan Zariya ya ce jikinsa na son ruwan zafi, muka nufi Nakusp, kilomita ɗari kudu. A Shelter Bay hanya ta ƙare a bakin tafkin Arrow, muka shiga jirgin fito da motarmu, kyauta, ya tsallakar da mu Galena Bay. A cikin jirgin motar da ke gabanmu tana ɗauke da babura biyu, mai ita, wani matashi, ya fito yana duba waya yana tsaki. Na yi masa sallama irin tasu, muka fara hira, ya nuna mini allon wayar. Taswirar duwatsun Selkirk ta Tsakiya ce, an yanka ta gida-gida, wasu kore wasu ja. Garken wurin bai wuce 'yan gomiya ba, an sa wa wasunsu abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam. A doka duk yankin a rufe yake, amma 'yan ƙungiyoyin babura biyu na wurin suna da izini, kullum da safe a sabunta taswirar, inda dabbobin suke da kewayensa ya zama ja, inda suka bari a buɗe. Sai da na sa ya maimaita mini, domin ban taɓa jin inda dabba ce ke raba wa mutane filin wasa kowace safiya ba.

Na tambaye shi ko tsarin yana aiki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya fi a rufe gaba ɗaya har bazara, amma ba kowace dabba ce ke da abin wuya ba, kuma sawun da ka bari jiya yana nan ko da an rufe yau. Tsakin da yake yi kuwa, kwarin da ya kwana yana shiri a kansa, ya sha mai, ya ɗauki hutun aiki, shi ne ya wayi gari ja. Ya faɗaɗa taswirar da yatsu biyu ya nuna mini, ya ce tun shekaranjiya suke matsowa ta nan. Na dubi inda yatsansa yake, na ɗaga kai na dubi duwatsun da ke gabashin tafkin, fari da baƙi har cikin gajimare, ban ga komai ba. Jirgin ya dungure gaɓa, ma'aikaci ya sauke sarƙa. Matashin ya sa wayar a aljihu, ya ce zai gwada wani kwarin ta kudu, ya shiga motarsa. Mu muka bi bayansa har mararraba, ya ci gaba, muka karya hagu wajen ruwan zafi.